Fataka Mai Kunne

Mijina, Malam Isiyaku, ya yi shekara talatin da biyu yana koyarwa a firamare, ya ƙare a hedimasta, amma da ya yi ritaya ban ga ya huta da ba da maki ba. Yara dai sun kuɓuta, tsofaffin kuɗi suka shiga uku. Mazan wasu in sun ajiye aiki gona suke komawa, wasu kuma su faɗa siyasa, tunda a shekarun nan duk bangon da ka duba a Rano fosta ce. Nawa sai ya sa kafinta ya yi masa akwati mai ɗakuna-ɗakuna, ya shimfiɗa auduga a ciki, ya shiga tara kuɗin azurfa na zamanin Turawa: taro, sisi, sule, da babbarsu fataka, wato sule biyu. Kuma ba kowanne yake so ba, sai na farkon nan da aka buga daga 1913 zuwa 1920, masu kan sarkin Turawa mai gemu.

Da hantsi yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki inda haske yake, ya kanga wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu a ido, ya riƙe kuɗi ta gefe da yatsa biyu. Duwatsun hular sarki yake dubawa, da gashin bakinsa, da ganyen bishiyar kwakwar da ke bayan sule da fataka. In komai ya fito rangaɗau, ganye yana ƙirguwa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce wannan “ba ta ga kasuwa ba”, kuma babu maki sama da wannan. In duwatsun hula sun fara dishewa, “ta leƙa kasuwa”. In gashin baki ya haɗe da kumatu, “ta sha hannu”. Wadda kuwa ta shafe gaba ɗaya sunanta “ta maƙera”, gwangwanin madara ne makwancinta, ba akwati ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne baƙin nan da azurfa take yi in ta daɗe. Ni a wajena datti ne, shi kuwa ya ce rigarta ce, shekaru ne suka ɗinka mata, duk wanda ya tuɓe ta ya kashe kuɗin. Wata rana na tsinci wani sule a kan tabarmarsa, na tausaya masa, na goge shi da toka har ya yi ƙal. Kwana biyu Malam yana cin tuwona ba ya ce mini sannu. Ya nuna mini ƙananan zane-zanen da tokar ta bari ta cikin gilashinsa, ya ce maki biyu na zubar masa a cikin minti ɗaya. Tun daga ranar na san inda ciwonsa yake.

Ni ma ina da fataka guda, amma tawa a wuya take. Ta Innata ce. Maƙerin fari ya yi mata kunne tun kafin a haife ni, Inna ta zura mata baƙin zare, ba ta taɓa cire ta ba sai ranar da masu wanka suka cire suka damƙa mini. Ta yi sumul kamar bayan cokali, sarkin ma sai an karkata ta ake ganin inuwarsa. A gefenta akwai ɗan lotsawa, Inna ta ce ni na cije ta lokacin da nake haƙori. Ina son abata, kuma in na taɓa ta Inna nake tunawa. Malam ya taɓa duba ta sau ɗaya, ko gilashi bai ɗauko ba.

“Wannan sarkin ai an yi masa aski har da gemu,” in ji shi yana dariya. “Ta maƙera ce, Zulaiha.”

Na ce na ji, na gode, Allah ya bar kowa da abinsa.

Bakina ne ya ja mini. Shekarar da aka hana mata hawa acaɓa a birni, ’yar ƙanwata Afra’u ta haihu a Fassi, can ƙasar Kibiya, na je suna. Jaririn ya zo da cibi, sai aka kira Iya Hansatu, tsohuwar ungozomar garin. Ma’aikatan asibiti suna ta faɗa a daina, amma Iya ba ta san wannan zance ba: in cibiyar jariri ta turo, fataka take naɗewa a auduga ta ɗora a kai ta ɗaure da tsumma. Ta kwance ƙullinta a gabana, zama da Malam kuwa ya riga ya lalata ni, sai na ga idona ya tafi kan shekara. 1917. Baƙa ƙirin, amma ganyen kwakwar nan kamar ka taɓa ya soke ka. Akwatin Malam yana da ɗaki takwas na fataka, bakwai a cike, na 1917 ne kawai ya yi shekara shida yana hamma.

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ina dawowa, yana tsakiyar cin abinci, na ce, “Malam, yau na ga wadda ba ta ga kasuwa ba.”

Lomar da ya ɗauka ba ta kai baki ba.

Washegari tun kafin in gama shara ya fito da babur. Muka isa Fassi, Iya ta fito zaure ta zauna a kan buzu, aka gaisa, aka tambayi gida da damina, Malam yana amsawa idonsa na kan ƙullin da ke hannunta. Da ta miƙa masa sai na ga yatsunsa suna rawa. Ya daɗe yana dubawa, ya juya, ya sake juyawa, yana motsa baki yana ƙirga duwatsu.

“Iya, a ina kika samo wannan?”

“Ta kakata ce, ɗan nan. Mijinta ya yi dakon gyaɗa a birni, aka biya shi da ita sabuwa fil, ya kawo mata. Ita ma ungozoma ce, ta ce wannan ba ta cefane ba ce. Daga auduga sai cikin jariri.”

“Za ki sayar mini?”

Iya ta yi dariya har da tari. “In karɓi takarda in ɗaura wa jariri a cibi? Ai aikin nan sai azurfa.”

Shi dai Malam, duk abin da zan faɗa a kansa, ba macuci ba ne. Ya ce, “Iya, gaskiya zan gaya miki. A wajen masu tara irin wannan, taki tana da daraja ƙwarai. In musaya za mu yi, duk wadda zan ba ki ba za ta kama ƙafarta ba.”

“Wannan kuma ku ta shafa. Ni kam ta ishe ni. Kaifi gare ta, in ban kauri audugar ba sai ka ga kan Bature kwance a cikin yaro. Mai laushi nake so, wadda jiki ya lasa.” Sai ta ɗago kai, ta ƙura wa wuyana ido. “Kamar waccan ta wuyan matarka. Ga ta ma da kunne, sai in zura tsumma ba ta zamewa.”

Na ja mayafina na rufe, amma aikin gama ya gama. Malam ya ce yana da sumul-sumul cike da gwangwani, zai sa maƙeri ya yi wa wadda take so kunne. Iya ta ce sabon kunne karce yake yi, ita waccan take so, in ba ita ba kowa ya riƙe abinsa.

Daga ranar fatakar Inna ta samu ƙarin girma a gidanmu. Wadda aka yi wa aski sai ga shi an ce azurfarta mai kyau ce, maƙeran da sun iya aiki, kai har lotsawar haƙorina sai da aka yaba. Malam ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya buɗe akwati ya kalli ɗakin da babu kowa, ya yi ajiyar zuciya yadda zan ji daga madafa. Amma ya buɗe baki ya ce Zulaiha ki ba ni, ina! Hedimasta guda? Sai ya aiko mini da Yaya Lubabatu, babbar yayarsa wadda ta raine shi, wadda ko ruwa ta ce ki sha ba kya cewa kin ƙoshi. Ta zauna a bakin gadona ta yi ta kewaye-kewaye, ladan da ke cikin taimakon jarirai, da yadda Inna take son yara, da yadda ƙaninta ya rame.

Na sunkuyar da kai na ce, “Duk yadda kuka yi daidai ne, Yaya.”

Duk macen da ke ƙasar Rano ta san wannan ba “na yarda” ba ne. Yaya ma ta sani sarai, amma ta fita ta gaya masa an gama.

To, tunda ba a faɗa da baki, sai na nemi hanya. Lokacin kuwa Shari’a tana tashe, kowa yana tsoron riba, mai awo ma sai ya tambayi malami kafin ya ƙara farashi. Na kai masa shayi na ce, “Malam, ni fa ba ni da ilimi, amma musayar azurfa da azurfa haka kawai, ta halatta kuwa?”

Ya ajiye kofi. Bayan la’asar ya tafi wajen Malam Abdulganiyyu, wanda yake ba su karatu a masallacin unguwa. Ya dawo fuska a murtuke. An ce masa azurfa da azurfa sai nauyi ya zo ɗaya, kuma hannu da hannu, babu ruwan hukunci da wadda ta ga kasuwa da wadda ba ta gani ba. Na shiga ɗaki na rufe baki da filo don kada ya ji dariyata. Shekara nawa yana koya mini cewa shafaffiyar fataka ta zubar da nauyi? Tawa kuwa babu wadda ta kai ta shafewa.

Muka je kasuwar Rano wajen Habu maƙerin fari, mai ɗan sikelin nan na awon zobe. Malam ya kawo fatakarsa ta 1916, lafiyayya, don ta tsaya a madadin ta Iya. Na cire tawa da kaina, har da fara’a, na zare zaren na ɗora. Sikeli ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya cak a tsakiya. Habu ya hura, ya sauya musu gefe, ya sake tsayawa.

“Ikon Allah,” in ji Habu. “Abin da jiki ya cinye, kunnen nan ya mayar.”

Malam ya yi hamdala da ƙarfi har masu wucewa suka waiwayo. Ni kuwa a zuciyata na yi wa maƙerin da ya yi kunnen nan addu’ar da ba zan maimaita ba, ko da yake bawan Allah ya daɗe a ƙasa. Aka aika wa Iya cewa ranar Asabar za a zo.

Ranar Laraba na ce zan je duba mai jego. Na hau mota zuwa Kibiya, na ƙarasa Fassi, na ga Afra’u da jaririnta, sannan na biya wa Iya da ɗan goro da sabulu. Muka taɓa hira. Ina miƙewa zan tafi na ce, kamar abin ya faɗo mini ne yanzu:

“Iya, kin san fa Malam hedimasta ne. Shekara talatin yana duba farcen yara kowace safiya. Ko kwanon shansa sai na wanke sau biyu.”

Allah ya gani, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Iya ta kwance ƙullinta, ta kalli fatakar, ta kama haɓa.

“Wayyo ni Hansatu! Ashe shi ya sa ya yi ta ƙura mata ido hannunsa na rawa. Ƙyama ce ta kama bawan Allah, kunya ta hana shi faɗa.”

Na ce ni dai ban ce ba. Na dawo gida zuciyata wasai, har na yi wa Malam dambun da yake so. Lissafina a fili yake: babu tsohuwar da za ta miƙa wa baƙo abu baƙi ƙirin bayan an yi mata wannan shaguɓe. Za ta wanke, Malam zai gani, zai ce a bar zancen, kowa ya koma da abinsa. Na ɗan tausaya masa, amma ba sosai ba.

Ranar Asabar ya sa farar rigarsa ta Juma’a, ya zuba sabuwar auduga a wani ɗan gwangwani. A zauren Iya muka tarar da ɗanta Khalid da maƙwabta biyu, an kira su shaida. Malam ya maimaita a gabansu cewa ya yarda da musaya, fataka da fataka, hannu da hannu. Sai ga Iya ta fito da faranti an rufe da faifai, tana tafe tana murmushi. Ta buɗe.

Ni kaina sai da na runtse ido. Fatakar nan tana walƙiya kamar sabon murfin tukunya.

“Kwana biyu ina fama da ita,” in ji Iya. “Na jiƙa ta a lemon tsami, na bi da toka. Wajen ganyen nan ya ƙi fita, sai da na sa soson ƙarfe. Duba da kyau, ɗan nan, in da saura in koma.”

Malam ya ɗauka. Ya kanga gilashi. Ina gefe ina kallo. Ba sai na karɓi gilashin ba, daga inda nake ina hango zanen soso ya ratsa fuskar sarki ta ko’ina, gashin bakin ya tafi, duwatsun hula sun zama tuwo. Abin da ya tsallake kasuwa shekara kusan casa’in, Iya ta gama da shi a bakin rijiya. Na gyara mayafi, ina jiran in ji yadda hedimasta zai janye maganarsa cikin ladabi.

Ya sauke gilashin ya sa a aljihu. Ya dubi hannun Iya, yatsun duk sun yi fari sun tsattsage saboda lemo da toka.

“Sannu da aiki, Iya. Kin sha wahala. Ta yi kyau.”

Sannan ya juyo gare ni, bai ɗaga murya ba. “Zulaiha, miƙo.”

Na zaci ban ji daidai ba. Na dube shi, ya dube ni, mutum huɗu suna kallo. Hannuna ya tafi wuya da kansa. Ƙullin zaren ya ƙi kwancewa, sai da Khalid ya miƙo reza. Na ɗora fatakar Inna a tafin Iya da ɗuminta, Malam ya saka tasa a gwangwani, aka shafa fatiha.

Iya ta goga ta a kumatunta ta ce, “Yauwa, wannan ita ce azurfa.” Ta ja hannuna wai in zo in ga aikinta na farko. Muka shiga gidan su Afra’u, ta kwantar da jaririn a cinya, ta shimfiɗa auduga ’yar kaɗan, ta zura tsumma ta kunnen, ta ɗaure. Yaron ko motsi bai yi ba. Kowa yana sa albarka, ni ina tsaye ina murmushin dole, wuyana sakayau.

Muka kama hanyar gida. Mun wuce Kibiya da kaɗan ya tsaya a gindin wata ɗorawa, ya kashe babur. Bai sauka ba, bai kuma waiwayo ba.

“Shekara hamsin tana hannun Iya ba ta taɓa wanke ta ba,” in ji shi. “Me kika ce mata ranar Laraba?”

Na faɗa masa, ban rage komai ba. Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya nawa. Sai na ji ya yi wata ’yar dariya mara daɗi.

“Farcen yara. Kai, Zulaiha.”

“To kai da ka ga ta lalace, me ya sa ka karɓa? Ai cewa za ka yi ka fasa!”

“Na ce na yarda a gaban mutane. Kuma tsohuwa ta kwana biyu tana gurzar hannunta don ta faranta mini. In dube ta in ce ta yi ɓarna?” Sannan ya ce, “Da kin ce mini ba kya so, wallahi da na haƙura. Zan ji zafi, amma da na haƙura.”

Na san gaskiya ya faɗa, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

“Da ka tambaye ni da bakinka,” na ce. “Shekara ashirin da takwas ban taɓa ce maka a’a ba, Malam. Ban san ta inda ake farawa ba.”

Ya ce, “Ni ma ban san ta inda ake tambaya ba.”

Ya tada babur. Na riƙe rigarsa ta baya, na yi wa Inna kukan da ban yi ba ranar da ta rasu. Bai ce in yi shiru ba, ya dai rage gudu har muka shiga Rano.